Kujerar Masu Basir

Ranar da 'Yar Kati ta kama aiki, Likita ya karanta mata layi ɗaya na yarjejeniya da babbar murya. Duk ma'aikacin da ya sayar da bayanin majinyaci, ko suna ko lamba ko ciwo, korarre ne, kuma lauya zai bi shi har gida. Ta sa hannu. Aikin ba wuya: ta buɗe wa mutum kati, ta tambayi abin da ya kawo shi, ta nuna masa benci.

Wuyar tana tsallaken titi, inda kawunta ya kafa tebur daidai tagar ɗakin jira. Kawu ya sayar da agogo ya faɗi, ya sayar da lema damina ta ƙi. Yanzu matashin zama yake sayarwa, mai rami a tsakiya, na masu basir. Kaya mai kyau, sai dai babu wanda ke son a gan shi yana taya shi.

"Ba suna nake so ba, 'yar nan," in ji Kawu. "Idan mai shi zai fito, ki ɗan yi tari. Kasonki yana nan."

"Tarin ma yana cikin yarjejeniya, Kawu."

"Wace irin takarda ce za ta hana mutum tari a asibiti?"

"Irin wadda na sa wa hannu."

"Ni na goye uwarki."

"Ta ce ka yar da ita a kwata."

Ya kai ƙara gida, uwar ta ce ba ruwanta. Ya daina amsa gaisuwa. 'Yar Kati kuwa ko a jikinta, don ta sha zaman gida kafin ta samu aikin nan, kuma ba ta da niyyar komawa.

Benci na ɗakin jira katako ne mara imani. Kujera ɗaya ce mai soso, tana lungu bayan teburinta. 'Yar Kati ba mai yawan tausayi ba ce, amma idan mutum ya sunkuyo ya raɗa mata ciwonsa, sannan ta ga yana kallon bencin kamar zai hau wuƙa, sai ta jawo kujerar ta ajiye masa kusa da taga, inda iska take. Sannan ta koma teburinta.

Sai Kawu ya daina roƙo. Ya dawo yana amsa gaisuwa har da tambayar gajiya. Ya sayi sabuwar hula. Ta ɗauka shiriya ce ta zo masa.

Wani hedimasta cikin majinyatan ne ya tayar da maganar. Ya dawo asibitin ranar da aka sallame shi, ya wuce ofishin Likita kai tsaye, bai rufe ƙofa ba.

"Matata ba ta sani ba. Kai ka sani, sai yarinyar can. Ina fita wani tsoho ya tare ni a gaban iyayen ɗalibaina, ya leƙo ni ta ramin matashi, wai ya yi mini ragi."

Kafin a tashi Likita ya gano tsohon kawun wa ne. Da majinyata suka watse ya fito ɗakin jira, ya kalli bencin, ya jawo kujera mai soso kusa da taga, ya zauna a hankali, gefe ɗaya tukuna.

"Nawa yake ba ki?"

"Ko gaisuwa sai kwanan nan yake ba ni, ranka ya daɗe."

"To aljanu ke faɗa masa?"

Ta rantse, ya ce rantsuwa ba ta cikin yarjejeniya. Gobe ta kawo makullin kabad, sauran bayani za ta ji daga lauya. Ya tashi kamar yadda ya zauna, ya nufi motarsa. Ta ɗauki jaka ta biyo baya, ba don roƙo ba, sai don ta kifar da teburin Kawu.

Kawu ya riga ta. Ya tsallako titi da matashi a hammata, ya sha gaban Likita, ya sassauta murya.

"Ashe har da kai, ranka ya daɗe. Allah ya sawwaƙe. Ga mai kyau, manya nake ajiye wa."

Likita ya tsaya da makullin mota a hannu. "Wa ya faɗa maka?"

"Ai na ga ka zauna a kujerar."

"Wace kujera?"

Kawu ya nuna da haɓa. Su uku suka juya. Ga taga a buɗe, labulenta tun bara yana wurin mai wanki, ga kujera mai soso a tsakiyarta kamar an ɗora ta a talabijin. 'Yar Kati ta tuna duk mutanen da ta jawo wa kujerar nan.

"Ita ta ce ka riƙa kallo?" in ji Likita.

"Wannan? Tari ma ta hana ni. Halin dangin ubanta ne, ba namu ba."

Likita ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya ce wa 'Yar Kati ta je gida, kada ta makara gobe. Da ta kai kwana ta waiwaya, har lokacin Kawu na tsaye a tagar motar.

Washegari babu wanda ya nemi makulli. An rataya labule mai kauri. Kujerar kuma aka shigar da ita ofishin Likita, don kare sirrin majinyata, in ji shi. Masu basir suka koma benci da kowa, suna zama a karkace, suna kallon silin.

Da ta kai wa Likita katunan safe, ta same shi a zaune ya fi jiya tsawo kaɗan, fuska a sake. Ta ajiye katunan ta fito.

A tsallaken titi Kawu ya yafito ta.

"Matashin ya dace da shi?"

"Yana cikin yarjejeniya, Kawu."