Kananzir a Cikin Shayi

Da safe na kurɓi shayi, na ji kananzir. Na tofar a bakin ƙofa.

"Maman Auta, da jarkar kananzir kika ɗebo ruwa?"

"Ni da nake girki da gawayi, ina na ga kananzir?" in ji ta. Tana duƙe tana wanke zanin Auta, 'yarmu mai shekara uku, wadda gudawa ta kwantar karo na uku tun saukar damina. Malamar asibiti ta ce mu duba ruwan da muke sha. Na rantse mata ruwan rijiyar gidanmu garau yake, har maƙwabta suna zuwa ɗiba saboda garɗinsa.

Na je na zura guga da kaina. Ruwan ya fito da wani maiƙo yana yawo a samansa. Ina tunanin wane mugu ne ya yi mana haka, sai ga kyankyaso ya fito daga masai yana tangaɗi. Nan na tuna. Shekaranjiya ni da hannuna na juye kananzir kwalba biyu a ramin masai, don kyankyasai sun hana yara tsugunawa. Na auna da ƙafa: taku bakwai ne daga ramin zuwa rijiya.

In kananzir ya gane hanya, abin da ke cikin ramin ya daɗe da saninta. Shekararmu shida a gidan nan. Ashe garɗin ke nan. Na yi amai a gindin katanga, na kuskure baki, sannan na tuna da wane ruwa na kuskure.

Da hantsi mai gidan hayar ya zo, ya saurare ni yana murmushi.

"Ɗana, ƙasa tana tace komai. Rijiyar nan ta girme ka."

Na cika moɗa na miƙa masa. "To, Baba, sha."

Ya dubi maiƙon. "Yanzu na sha a gida."

Yana fita na buga wa murfin rijiyar ƙusa huɗu. Matar tela, maƙwabciyar ɗakinmu, tana ta sababi, wai da me za ta yi wanki. Famfo yana can bayan kasuwa, tafiyar rabin awa. Na ɗauki jarka biyu.

Daga kan tabarma Auta ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ruwa."

Uwarta ta kai hannu ga randa, sai ta tsaya, ta dube ni.

"Zubar da shi duka," na ce. "Yi haƙuri, Auta, yanzu zan dawo."

Na fita da gudu, jarkoki suna dukan ƙafafuna.