Inda Gara Ta Ci

Aikina gyaran tsoffin taswirori ne a ma'ajiyar takardun tarihi, kuma babbar dokarmu ɗaya ce: inda takarda ta cinye, a yi faci da farar takarda, a bar shi fayau. Ba a zana abin da ido bai gani ba.

To, ranar nan aka kawo mini taswirar yankinmu, tun ta zamanin da jirgin ƙasa ke bi ta can. Ga layukan da ke nuna tudu da kwari, ga layin dogo ya ratsa gonaki. Na bi shi ina neman ƙauyen Inna, sai yatsana ya faɗa huji. Duk faɗin takardar nan, gara ba ta ga wurin ci ba sai garin uwata! Raina ya ɓaci matuƙa. Ƙauyen ya watse tun da jirgi ya daina bi, Inna kuwa mantuwa ta kama ta, ni kaina wani lokaci sai ta tambaye ni 'yar wa ce.

Shugaban sashenmu ya ce kada in kuskura in sa fensir a facin nan. Na ce na ji, amma ai doka ba ta hana shimfiɗa takarda mai shara-shara a sama ba. Ya ce taurin kaina ya ishe shi. Washegari na ɗauko Inna.

Da farko zama ta yi tana kallon fanka. Na kama yatsanta na ɗora a kan layin dogo, muka bi shi a hankali har bakin facin. Na saki, yatsan bai tsaya ba. Ta ce nan tasha take, bayanta tankin da jirgi ke shan ruwa, a gangare kuma rijiyar da ba ta ƙafewa. Ina zanawa a kan takarda mai shara-sharan da na shimfiɗa, tana yi mini faɗa wai na kai gonar babanta cikin fadama, in dawo da ita tudu. Na goge na gyara.

Can ta danna wani wuri kusa da tasha.

"Nan gidanmu. Nan na haifi 'yata." Ta dube ni kamar baƙuwa. "Malama, ki zana shi da kyau, watarana za ta zo nema."

Na fiƙe fensir, na zana gidan da kyau.