An Aiki Taubashi Ya Sallami Gola

Ci huɗu da nema aka yi mana a Maiyama ranar Asabar, wasa na shida ke nan a jere ƙungiyarmu Tauraron Fadama ba ta ga nasara ba. A hanyar dawowa Jega, ina tuƙa kabu-kabuna da mutum biyu a baya, ni Buba da bakina na ce da ragar muka bari babu kowa a ciki, wataƙila uku kaɗai za a ci mu. Suka yi ta dariya har babur na rawa. Golan da nake nufi kuwa Ayuba ne na Karaye, ɗan goggona, taubashina, wanda ya shekara goma sha huɗu yana tsare mana raga.

Washegari bayan la'asar muka taru a rumfar Alu mai faci a Jega Sabon Gari, inda magoya bayan ƙungiyar suke zama. Ba a ko gama gaisawa ba Jibrilla mahauci ya buɗe baki.

"A share su duka," in ji shi. "Wagga ba ƙungiya ba ta, taron dattijai na. Mutum shi yi gudu kaɗan shi kama ƙugu."

Alu ya ajiye tayar da ke hannunsa. "Waɗanga da kaka zagi, su sunka ɗauko muna Kofin Gari Uku har sau biyu."

"Yaushe? Sannan ɗiyata Hamsatu tana goye. Yanzu tana aji biyar."

Nan fa aka rabu gida biyu. Masu goyon bayan Jibrilla suka ce ga yara ɗalibai can Aliero, ƙafa kamar ta barewa, suna neman ƙungiyar da za ta ɗauke su. Masu goyon bayan Alu suka ce ɗalibi baƙo ne, da an yi hutu zai ɗauki jakarsa ya tafi garinsu, ya bar mu da riguna a rataye. Wani ya ce to su manoman fa, da albasa ta isa cira wa yake ganinsu a wajen atisaye? Wani ya ce ko ba komai idan aka ci manomi yana jin kunyar shiga kasuwa, ɗalibi kuwa wa ya san gidan ubansa? Ni dai ina bayan Jibrilla, kuma na fi kowa ɗaga murya. Zan faɗi gaskiya, abin ya ishe ni. 'Yan kabu-kabun Maiyama sun mayar da ni abin tsokana a tasha, da sun hango ni sai su ɗaga yatsu huɗu.

Kocinmu, Malam Reuben, yana zaune a kan benci yana jira har muka gaji. Malamin sakandare ne, daga kudancin Kaduna aiki ya kawo shi Jega shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma mutum ne da ba ya son hayaniya.

"Ba za a share kowa da kowa ba," ya ce. "Amma dole a fara daga wani wuri, kuma daga raga za a fara. Gwiwar Ayuba ta ƙare. Kun gani jiya, sai ƙwallo ta shiga sannan yake faɗuwa. Akwai wani yaro, Justice, yana karatu a Aliero, na gwada shi sau uku. Shi zai kama mana ranar Asabar."

Wannan ne abin da muka kwana biyu muna kururuwa a kai, amma da aka ambaci suna sai kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Alu ya ce, "To wa za ya gaya mai?"

Malam Reuben ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai iya ba. Lokacin da ya zo Jega bai san kowa ba, Ayuba ne ya kama hannunsa ya nema masa ɗaki, kuma kowace kaka sai buhun albasa ya iso ƙofar matarsa Elizabeth daga Karaye. Jibrilla mai bakin share su duka shi ma ya ce yana da yanka da sassafe duk makon. Ka ji jarumi.

Sai Alu ya juyo ya dube ni. "Ga taubashinai nan zaune. Mi muka wahala? Taubashi ko mi yaf faɗi ba a fushi da shi. Buba shi tahi."

Kowa ya ce wannan dabara ta yi. Har da ni. A wajenmu ɗan mace da ɗan namiji ba a shiga tsakaninsu, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya wasa ne, babu mai riƙewa a zuci. Tun muna yara nake gaya wa Ayuba maganar da wani ba zai iya ba. Ranar ɗaurin aurensa a gaban mutane na ce amaryarsa Salima ta yi asara, shi kuma ranar sunan ɗana na fari ya ce Allah ya sa yaron kada ya ɗauko kaina. Muka ga cewa magana mai ɗaci in ta fito daga bakina za ta zo masa da sauƙi. Babu wanda ya yi tunanin wani abu bayan wannan.

Ranar Talata na sauke fasinja a Maiyama na zarce Karaye. Na tarar da Ayuba a bayan gida yana gyaran rudu, wato rumbun da yake ajiye albasa, yana tsince waɗanda suka fara ruɓewa. Salima na gefe tana tankaɗe. Da ya gan ni ya miƙe yana ɗingishi kaɗan.

"Salima, ɓoye tukunya, mayunwacin Jega ya iso."

"Ni ba cin abinci nic zo yi ba," na ce. "Saƙo aka ba ni. An cire ka daga raga. Wani yaro za ya kama ranar Asabar."

Ya fashe da dariya. "Wa yac cire ni? Kai? Kai da ko ƙwallon lemu ba ka iya tarewa?"

"Koci na yac ce. Da mutanen rumfa duka. Sun ce gwiwarka ta ƙare."

"Gwiwata ta ƙare amma ta hi baburinka lahiya. Ina jin ƙararshi tun daga Giwa Tazo, na zaci injin niƙa na anka ɗauko."

Salima ta yi dariya har ta ajiye rariya. Na sake faɗa, karo na uku, har da sunan yaron. Ayuba ya ce sunan ma bai yi kama da na gaske ba, in je in ƙirƙiro wani. Ya ce bara ma ai na zo na ce masa an sayar da shi ga wata ƙungiya a Birnin Kebbi a kan buhun gero biyu. Kuma gaskiyarsa, na faɗa.

Kalma ɗaya ta rage in furta, ita ce wallahi. Mu biyun mun sani ba a rantsuwa a cikin wasan taubashi, da na rantse zai san da gaske nake. Tana bakina. Amma na dubi mutumin nan yana dariya, hannunsa duk ɓawon albasa, sai na ji wani sanyi a raina cewa na faɗa kuma ba a yi rigima ba. Na haɗiye ta. Na biye masa muka yi ta dariya, na ci tuwon Salima, ya cika min leda da albasa na rataya a babur. Wannan shi ne laifina, ba na ɗora wa kowa.

Da na koma rumfa suka taso min da tambaya. Na ce na gaya masa, har sau uku. Suka ce yaya ya ɗauka? Na ce dariya ya yi. Malam Reuben ya sauke ajiyar zuciya, ya ce lallai Ayuba babban mutum ne. Alu ya yi ta yabon dabararsa. Ni kuma ina ta gaya wa kaina wataƙila idan ya kwana zai gane.

Ranar Asabar da yamma filin Jega ya cika, don da wata ƙungiyar Aliero za mu kara, kuma labari ya bazu cewa mun kawo sabon gola. Justice yana cikin raga ana buga masa ƙwallo yana ɗumama jiki, dogon yaro siriri mai yawan sunkuyar da kai. Ina tsaye a bakin layi kusa da koci sai na hango Ayuba ya sauko daga bayan wata motar albasa. Yana sanye da koriyar rigarsa mai lamba ɗaya, Salima ta wanke ta har da guga, ya ɗaure gwiwa da bandeji, safar hannunsa a hammata.

Ya ratsa fili yana ɗaga wa mutane hannu. Wasu suka amsa, wasu suka kau da kai. Ya isa raga ya shafa turken dama ya shafa na hagu kamar yadda ya saba, ya ja layi da dunduniya a tsakiya. Sannan ya dubi Justice ya ce masa sannu da ƙoƙari, ya koma bayan raga ya riƙa tsinto ƙwallo. Yaron ya rasa yadda zai yi, ya matsa gefe ya tsaya yana kallon koci.

Malam Reuben ya juyo gare ni a hankali. "Buba, ka ce ka gaya masa."

"Na gaya mai."

"To me nake gani?"

Na shiga fili. Daga bakin layi zuwa raga ba nisa, amma ban taɓa yin tafiyar da ta yi min tsawo kamarta ba, ga idon mutum ɗari uku a bayana. Ayuba ya hango ni ya fara murmushi yana sa safar hannu.

"A'a, yau kuma mai injin niƙa na za ya buga muna gaba?"

Na tsaya dab da shi yadda babu mai ji sai shi. Ban taɓa kiransa yaya ba a rayuwata, ko da yake ya girme ni da shekara huɗu.

"Yaya Ayuba," na ce. "Wallahi maganar ran Talata gaskiya ta. Wanga yaro shi za ya kama. Ni anka aika, ni kuma nib bari kaz zaci wasa na."

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan jima a fuskarsa. Ya dube ni, ya dubi Justice, ya dubi benci inda Malam Reuben ya sunkuyar da kai. Sannan ya dubi 'yan kallo, ya ga yadda kowa ya yi shiru, ya gane cewa duk filin nan shi kaɗai ne bai sani ba.

"Tun Talata," ya ce.

"Tun Lahadi anka yanke."

Ya zare safar hannun ya cusa a aljihun wando, ya dafa kafaɗar Justice ya ce masa turken hagu yana da rami a gindinsa, ya kula da ƙafarsa. Ya fita ta bayan raga ya zagaya ya zauna a ƙarshen benci. Wani daga cikin 'yan kallon Aliero ya yi ihun a ba tsoho kujera, Jibrilla da kansa ya tasar masa sai da aka riƙe shi.

An tashi ɗaya da ɗaya. Justice ya tare ƙwallo biyu da Ayuba ba zai taɓa kai musu ba, wannan ko Alu bai musa ba, kuma duk biyun Ayuba ya tafa masa. Tun kafin mutane su watse aka koma gardama, Jibrilla na cewa kun gani, saura mutum huɗu, Alu na cewa canjaras a gida ba abin biki ba ne. Malam Reuben ya je ya durƙusa a gaban Ayuba yana ba shi haƙuri, Ayuba ya ce ba komai, Malam, ƙungiya ta fi mutum ɗaya.

Na ce zan kai shi gida, bai ƙi ba. Daga Jega har Karaye bai tsokani baburina ba, duk da sau biyu babur ɗin yana mutuwa a hanya. Da muka isa ƙofar gida ya sauka, na yi ƙarfin hali na ce ko yanzu dai ragar ta huta da shi. Ya yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Na gode, Malam Buba. A gaida gida."

Yanzu wata uku ke nan. An sauya mutum huɗun da Jibrilla yake so, mun ci wasa uku an ci mu biyu, kuma har gobe rumfar Alu ba ta daina gardama a kan ko an yi daidai ba. Ni na daina sa baki. Ayuba bai yi fushi da koci ba, albasar Elizabeth ta iso a kan lokaci, wani sa'in ma yakan zo kallo. Cire shi da aka yi ya yafe wa kowa. Tsayuwar da ya yi a gaban mutane da riga mai guga, ita ce tawa.

Duk Juma'a bayan masallaci nakan je Karaye. A hanya nakan shirya tsokana iri-iri, a kan gwiwarsa, a kan furfurarsa, a kan albasarsa da ba ta kai ta maƙwabcinsa girma ba. Ina kewar zaginsa, wallahi ina kewarsa. Jiya ma na je. Ya taso ya tarbe ni da hannu biyu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya leƙa cikin gida ya ce wa Salima ta kawo sabuwar tabarma, an yi baƙo daga Jega.