Bakin Rabi Mai Girki

Rabi 'yar Tsibiri ce, amma sana'arta a Maradi take. Duk gidan da za a yi suna ko walima ita ake kira, saboda ba ta auna gishiri da cokali. Ta ɗan lasa miya kawai, sai ta faɗi abin da ya rage.

Ana shirin walimar saukar Alƙur'ani a gidan Hajiya Nasiba da ke unguwar Zariya sai atuni ya kama ta, ciki na murɗawa, bayan gida da majina da jini. Mijinta ya kai ta likita. Aka yi gwaji, majo Mansura, shugabar masu jinya, ta ce ƙwayar amiba ce, ta rubuta mata maganin Flajil na mako guda.

Kafin a jima cikin ya lafa. Sai dai bakinta ya canza. Ruwa, koko, har goro, komai ɗanɗanon ƙarfe yake mata, kamar ta tsotsi ƙusa. Ta ɗauko sauran ƙwayoyin ta koma wurin Mansura.

"Majo, ga kayanki. Na warke, kuma ya ɓata mini baki. Jibi ina da girkin mutane."

Mansura ba ta karɓa ba. "Inna Rabi, halin maganin ne. Wasu har fitsarinsu yakan yi duhu. Da kin gama zai wuce. Amma in kika tsaya yanzu, ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa ba, za ta dawo."

"To da wane baki zan yi aiki?"

"Wannan ke kika sani. Nawa shi ne ki sha shi bayan abinci, kada ki haɗa da ruwan maganin da ke da giya a ciki. In kika ji hannu ko ƙafa na mutuwa, ko ƙuraje sun feso, ki zo nan take. Kuma jibi kada ki taɓa abincin jama'a da hannunki."

Rabi ta mayar da ƙwayoyin cikin jaka. Daga likita gidan Hajiya ta wuce, ta faɗa mata komai, ba ta rage ba.

Hajiya Nasiba ta ce, "Ko in nemi wata?"

"A'a, Hajiya. Hancina lafiya lau, idona ma haka. Mai lasa kawai nake so, wadda ba za ta ji nauyina ba."

Hajiya ta yi dariya. "To ai ga ni."

Ranar walima aka sa wa Rabi kujera kusa da murhu. Ta sa aka wanke latas da tumatir na Jiratawa da ruwan famfo mai ɗigon jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ajiye sabulu da buta a bakin madafa. Matan da take aiki da su suka riƙe muciya, ita tana ba da umarni. Da ta ga mai ya taso a kan miya sai ta ce a rage wuta. Hajiya, da leshinta da zobban zinari, ta tsaya cikin hayaƙi da ludayi a hannu.

"Gishiri ya ji?"

"Ya ji. Amma akwai tsami-tsami."

"Tumatir ne. A jefa 'yar kanwa, kaɗan."

Da rana ta yi, Rabi ta ci 'yar shinkafa, ta haɗiye ƙwayarta a gaban kowa, ta yamutsa fuska, ta ce a sauke tukunya ta biyu. Baƙi suka ci, har gidan maƙwabta aka aika.

Ta shanye maganin duka, da wani da Mansura ta ƙara mata don share ragowar ƙwayar cutar daga hanji. Bayan 'yan kwanaki, tana shan kunu da safe a Tsibiri, ta ajiye ludayi ta dubi 'yarta Zuliha.

"Wa ya dama wannan? Tsamiya ta yi yawa."