Rariyar da Hambali Ya Toshe

Girman kai ne ya rushe gidan Hambali, ko da yake har yau ruwa ake ɗora wa laifin.

Ran nan da la'asar, tsakiyar damina, yana tsaye a zaure yana kallon hadari na haɗuwa bisa Goron Dutse, sai ga Isiyaku magini ya shigo, ko sallama bai ƙarasa ba. Tsohon nan shi ya gina masa gidan a bara, a gindin dutsen, ya bar rariya mai faɗi a katangar baya da wata a ta gaba, don ruwan da ke gangarowa ya shiga ya wuce abinsa. To, Hambali cinikin gyaɗa ya karɓe shi, ya leƙa gidajen Turawa a Nasarawa, ya dawo ya ce shi ya gama zama ƙazantar mutanen tudu na ratsa masa tsakar gida. Ya sa aka cushe rariyar baya da siminti, aka shafe katangar tubalin da shi sumul.

Isiyaku ya ce tun shekaranjiya ruwa ke kwance bayan katangar, ƙasar ta jiƙe daga ciki, simintin ne ya rufa mata asiri. A fasa rariyar yanzu. In kuma ba za a fasa ba, a fitar da Baba Asibi, mahaifiyar Hambali, daga ɗakin da ke jingine da katangar.

Hambali ya ja shi har wurin, ya buga bangon da tafin hannu.

"Ka ga tsaga, Baba Isiyaku? Wannan ba irin kwaɓin lakarku ba ne."

"Ni ba tsaga na zo gani ba, Malam. Sautin nake ji. Sake bugawa."

Bai sake ba. Ya ce tsohuwa tana barci, ba za a tashe ta don tsoron magini ba. Isiyaku ya daɗe yana duban ƙofar ɗakin, sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin magariba katangar ta zauna gaba ɗayanta, ba ma da wata ƙara mai yawa ba.

Washegari da aka dawo daga maƙabarta, Hambali ya tsaya cikin taɓo har idon sawu. Ɗaki uku sun tafi, da rumbu, da awaki biyu, da uwar da ta haife shi. Simintin da ya toshe rariyar yana nan inda aka zuba shi, ko gefe bai ɓantare ba.