Dokin da Toktosun Ya Bar Mini

"Riƙe linzamin mana, Kalicha, ba maciji ba ne," in ji Toktosun.

Yana zaune a ƙofar gidansa cikin bargo biyu, ga liman da dattawa uku da ya sa aka kira. Ni kuwa daga wajen wanki aka ɗauko ni, hannuna duk kumfa.

"Ku shaida," ya ce. "Daga yau dokina Toru nata ne."

"Yaya, ciwon ya taɓa maka kai ne? Dokin da ya shekara goma yana cinye mini kabeji? Ni ko jaki ban iya hawa ba."

"Shi ya sa. Zai huta."

Dattawan suka yi dariya, amma matarsa Burul ta rufe baki da mayafi ta shige gida. Nan na gane. A ƙauyenmu idan namiji ya mutu, dokinsa ake yankawa a ciyar da masu gaisuwa. Tsohon ya san kwanansa ya ƙare, wayo yake yi wa wuƙa.

Shekara talatin katanga ɗaya ta raba mu. Ya yi soja a Afganistan, ya dawo da ɓarɓashin ƙarfe a cinya. In ka tambaye shi yaƙi, sai ya ce, "Akwai zafi can," shi ke nan. Amma taɓo masa zancen duwatsu, sai ka nemi wajen zama. Ya san inda awakin dutse ke shan ruwa, ya san kwarin da tumaki ke ɓata idan ƙanƙara ta sauko. 'Ya'yansa biyar duk a gaban sirdinsa suka girma. Tun da mijina ya rasu shi ke yanka mini ciyawa, ladansa kawai ya sha shayina ya ce ruwan wanke kofi ne. Wallahi ina ƙaunar tsohon nan, ko da yake ban taɓa barinsa ya ci ni a gardama ba.

Kwana shida bayan nan ya cika, da hantsi. Aka kafa tantin ulu na zaman makoki a tsakar gidansa. Babban ɗansa Esenbek ya iso daga Bishkek, babban birnin ƙasarmu, idonsa jawur, ya zo ƙofata da mahauci da igiya.

"Gwaggo, ki ba mu dokin Baba."

"Babanka ba shi da doki."

"Haba Gwaggo! Me mutane za su ce? A ce Toktosun ya tafi, naman tunkiya aka ci a gidansa?"

Ya ba ni tausayi. Ba mugunta ba ce, so yake ya fita kunyar ubansa. Na tsaya dai a bakin ƙofa, ban kauce ba. Sai ga muryar Burul daga cikin tanti, ta dakushe da kuka.

"Esenbek, bar shi. Dokin nan ya kawo mini ubanku gida da karyayyar ƙafa, kwana biyu cikin ƙanƙara. Ni ba zan sa namansa a baki ba. Je garken kawunka ka kamo wani."

Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya miƙa wa mahauci, suka juya suka nufi garken kawun nasa.

Ranar jana'iza, mata ba ma zuwa maƙabarta. Na ɗaura wa Toru sirdi, a karkace, yadda na iya, na buɗe masa ƙofa. Ya bi bayan mazan a hankali, ba kowa a kansa, ba kuma wanda ya kore shi.

Da la'asar ya dawo shi kaɗai. Ya tsaya a ƙofar gidan Toktosun, kunnuwa a miƙe, yana jiran a fito a kwance masa sirdi. Na kira shi sau biyu, bai ko waiwayo ba. Sai na ɗauko kujerata na zauna kusa da shi.