Amsar Firdausi Ga Gwaggonta

Rahinatu ba ta mantuwa, kuma ba ta yi niyyar yafewa ba. Ran sunan wani jariri a Bodinga, mata cike da tsakar gida, Asiya yayar mijinta ta nuna Firdausi, 'yar Rahinatu, da baki ta ce, "Wagga ɗiya bebiya ta. Mi za ta yi makaranta? Isah, kak ka ɓata kuɗinka." Aka yi dariya. Shi kuwa Isah, mijin nata, in yayarsa ta yi magana, to an gama. Da aka kai sa'o'in Firdausi makaranta, ita aka bar ta gida.

Yarinyar ba bebiya ba ce. Maganar ce ke sarƙe mata a wuya, ta yi ta "ba-ba-ba" har ta gaji ta yi shiru.

Bayan sunan suka koma gida Dandin Mahe, zuciyar Rahinatu na tafasa. Gero ya sha wahala a hannunta! Tana cikin kirɓa shi wata safiya sai ta ji ƙaramar murya a bayanta tana bin taɓarya: "In-na, ru-wa." Ta tsaya cak, muryar ma ta tsaya. Ta ci gaba da daka, sai ga magana tana fitowa sumul daga bakin Firdausi, kowace gaɓa da bugunta.

To fa! Daga ranar daka ya zama darasi. Su yi lugude, su yi tafi, su rera sunayen awaki da na maƙwabta. Daga turmi ta koma bugun ƙwarya, daga ƙwarya ta koma ɗan yatsa a bayan yarinyar, a hankali, ba gaggawa. Ko Isah ba ta gaya wa ba. Yana can yawon kasuwannin albasa, kuma ta fi so ya ji a gaban yayar tasa.

Da Sallah suka je gaisuwa Bodinga. Rahinatu ta jira sai da gidan ya cika, Isah na bakin ƙofa, sannan ta tura Firdausi gaban Asiya, ta ɗora yatsa a bayanta ta soma bugawa.

"Gwaggo, barka da Sallah," in ji Firdausi, tar da ita. "Ni ba bebiya ba ta. Ina son makaranta."

Ludayin fura ya suɓuce wa Asiya. Isah ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce da an dawo daga hutu shi da kansa zai kai ta.

Daɗi ya kashe Rahinatu, ba ta kuma ɓoye ba. Asiya ta miƙa hannu tana yaƙe: "Taho nan, ɗiyata."

Rahinatu ta janye 'yarta, ta gyara mata ɗankwali.

"Haba Yaya, wa kike kira? Ai kin ce bebiya ta."